Mata Arba'in, Zane Ɗaya

Shekarar Comfort goma sha huɗu, amma har yau fuskar mutum ba ta zama mata a kai. Likita ya ce da abin aka haife ta, a ƙwayoyin halittarta yake, shi ya sa ma karatu yake mata nauyi. Da kaya da murya take gane mutane. Ran da babanta Yakubu ya canja hula ya shigo shiru, har ƙasa ta gaishe shi, ta ce masa maigidan ba ya nan.

A gida abin dariya ne. Amma da ranar Zumuntar Mata ta matso a cocinsu na Abakpa, dariya ta ƙare wa uwarta Ruth. A ranar mata kan jeru a gaba, zane ɗaya, ɗankwali ɗaya, 'ya'ya su fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kai wa uwarsa kyauta. Shekara uku Ruth tana barin yarinyar a gida. Bana Comfort ta kafe sai ta je, ta kuma sa uwar ta yi alkawarin ba za ta kira ta ba, ba za ta ɗaga hannu ba. Tsoron Ruth ɗaya ne, kada 'yarta ta wuce ta a gaban jama'a ta miƙa wa wata.

Sai ta yi dabara, ta sayo jar jaka.

"Jar jaka za ki nema, kin ji ko?" ta ce wa Comfort.

Kuskurenta, ta nuna wa ƙawarta Maman Victor, wadda ba ta ganin abu ta bari. Ita ma ta sayo irinta, wasu matan suka kwaikwaye ta. Ran Lahadi Ruth ta leƙa layi, sai ga jajayen jakunkuna har bakwai.

Aka kira Comfort. Ta fito cikin sabuwar farar rigarta, rungume da ƙunshin kyauta. Ta dubi jaka ta farko, ta dubi ta biyu, ta tsaya cak. Ruth ta cije leɓe, hannunta na ƙaiƙayin ɗagawa, tausayi ya cika ta.

Comfort ta ajiye ƙunshin a ƙasa. A hankali ta kamo bakin farar rigar, ta nufi hancinta da shi kamar mai shirin fyace majina.

"Ke Comfort! Kada ki kuskura!"

Maganar ta fita kafin Ruth ta ankara. Yarinyar ta saki rigar, ta washe baki, ta suri ƙunshinta ta miƙe kai tsaye inda muryar ta fito. Jama'a suka kwashe da dariya, har fasto sai da ya dafa bango.

"Mama, kin karya alkawari," in ji Comfort. "Na san ba za ki iya shiru ba."

Ruth ta rungume ta tana dariya, hawaye na zuba. Ta laluba jar jakar ba hankici, sai ta kamo bakin farar rigar ta share ido.