Ranar da Na Kai Wuta Neman Izini

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, sai mafarki ya mayar da ni bakin aiki, wato gandun dajin da na shekara goma sha ɗaya ina gadi.

Ga ni a ofis riƙe da wata 'yar wuta a kwanon sha. Ƙarama ce mai ladabi, har masinja ta gaisar. Izini muka zo nema a ƙona gamba tun tana da sauran danshi, kafin ta bushe ta zama gobara ta cinye rumbunan ƙauyen da ke bayan iyaka.

Shugaban ofishin gadu ne, ya rataya tabarau a haurensa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannu kawai za ka sa."

Ya ce, "Wutar ta cike takarda?"

Na miƙa mata takarda, ta ƙone. Na miƙa ta biyu, ta ba da haƙuri, ta ƙone.

"To ka gani, Barau," in ji gadu. "Ba ta da haɗin kai. Ku dawo bayan gobara, lokacin muna da hujja."

Sai ga mu a tsakiyar daji. Gamba ta wuce kaina. An yi hadari, na ce alhamdulillahi, ashe ruwan daga ƙasa yake tashi yana komawa sama, har ɗan danshin da ya rage ya tafi da shi. Wasu ɓauna uku na zaune a benci. Babbarsu ta ce, "Bara warhaka an ƙona, muna cin toho. Bana me muka yi muku?"

Sai ga Baba Tasalla, tsohuwar ƙauyen, ɗauke da rumbunta a ka.

"Ɗan nan, ina zan ajiye dawata?"

"Baba, ki ƙara haƙuri, takarda muke jira."

"Wuyana ne ba ya jira."

Na duba kwano, wayam. Wutar na tsaye a bayana, ta fi kuka tsawo, ta daina gaisuwa. Ta ce, "Da ka sake ni da safe, da iyakata gwiwarka."

Na kira ofis a rediyo ina ihu a turo motar ruwa. Aka turo kunkuru da buta. Na buɗe butar, rahoton taro ne a ciki.

Na karyo ɗanyen reshe na hau dukan wuta. Baba Tasalla ta sauke rumbu ta karyo nata. Muna duka wutar tana yi mana gyara, wai ta hagu ya kamata mu fara. Kafin mu juya, dawar ta zama toka.

A nan gadu ya iso a keke, ya buga hatimi a kan tokar.

"Albishirinka, an amince. Ku ƙona ranar Talatar da ta wuce."

Na buɗe baki zan faɗi abin da zai raba ni da aikina, sai injin niƙan maƙwabta ya tashi. Na farka ina dukan tabarma da mafici.