Sunan da Batir Ya Riƙe

Duk Unguwar Kwarbai ba wanda bai san Delu mai zanen hula ba, kuma kowa ya san shekara uku ke nan da rasuwar mijinta. Abin da ba a sani ba shi ne abin da ta ɓoye a ƙasan adakarta, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla. Wani kaset ne na wasan talabijin, toka-toka, mai faɗi kamar ƙaramin allo, a naɗe cikin tsohuwar hular marigayin.

Mijin nata akawu ne a jami'a, ɓangaren Kongo. Kowa Bahago yake ce masa, don in ban da cin abinci da gaisuwa, komai da hagu yake yi, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa a bakin mutane. A shekarar tamanin da tara wani malamin jami'a da ya dawo daga ƙasar waje ya sayar masa da na'urar wasa da kaset ɗaya tal. To fa! Magidanci da furfura a gemu, da ya dawo sallar la'asar sai ya shimfiɗa tabarma gaban talabijin, ya ɗauki abin dannawa ya juya shi kai ƙasa don ya dace da hannunsa, ya kama kora wani ɗan mutum mai takobi daga wannan ɗaki zuwa wancan.

"Malam, wai kai ko kunya ba ka ji?" haka Delu take ce masa kullum. "Tsaranka suna zaure suna sauraron labarai, kai kana nan kana bin ɗan aljani lungu-lungu."

Baki ne kawai, wallahi. Ita ce mai zama a gefensa da allura da zare, ita ce mai cewa, "A'a, ka taɓa shiga nan jiya, koma yamma." Da ya dinga ɓata, ita ta zana masa taswirar ɗakunan a bayan takardun da take fitar da zanen hula. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma waɗannan yammacin su ne suka cika musu gida.

Wasan yana da wani abu da ya ba ta mamaki tun farko. Da an kunna, kafin komai, sai sunan mai wasa ya fito a fuskar talabijin, sannan ɗan mutumin ya tashi daga daidai inda aka bar shi jiya. Ta taɓa tambayarsa yadda aka yi roba take tuna mutum. Ya ƙwanƙwasa kaset ɗin da farce ya ce, "Akwai ɗan batir a ciki, kamar na agogo. Shi ke riƙe da suna. Ran da aka cire shi, ya manta da kowa."

Ciwon sati biyu ne ya ɗauke Bahago. Daminar da ta biyo baya aka yi wata tsawa da rana tsaka, wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, na'urar ta yi hayaƙi ta mutu. Allah ya sa kaset ɗin ba ya ciki. Tun daga ranar Delu ba ta sake ganin sunan mijinta a rubuce yadda shi ya rubuta shi da hannunsa ba, kuma tsoronta ɗaya ne: kada ɗan batirin nan ya ƙare tana zaune ba ta sani ba.

Da irin waɗannan na'urori suka cika kasuwar Sabon Gari, ƙanana masu fari da ja, sai ta je ta sayo ɗaya. Ta dawo gida da murna, ta kwance hula, ta kai kaset bakin na'ura. Ina! Bakin ƙarami, kaset faffaɗa, kamar a ce za a tura faifai a bakin tulu. Ta juya, ta karkata, ta zauna ta yi tagumi.

Shi ya sa ta aika wa Dogara. Dogara mutumin Wusasa ne, mai gyaran rediyo a Tudun Wada, abokin marigayi tun suna firamare. Ya ce akwai wani abu da ake kira adafta, ƙasansa daidai bakin ƙaramar na'ura, samansa daidai babban kaset, amma sai an nemo daga Kano. Sai da aka yi wata biyu kafin ya samu. Ranar wata Asabar bayan azahar, an kawo wuta, sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida.

Tunda ba zai shiga cikin gida ba, zaure aka fito da talabijin, aka jawo doguwar waya ta saman katanga. Iya Mero, uwar marigayin, wadda Delu ta ci gaba da zama da ita, ta jawo kujerarta ta tsugunno ta zauna a bakin ƙofar ciki. Bahago shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan", ko da ya yi furfura. Delu ma shekara goma sha tara "Malam" take cewa.

"Sannu da zuwa, ɗan Wusasa," Iya ta ce. "Kai ma sun sa ka a shiririta?"

"Iya, ai ni tun da can a ciki nake," Dogara ya amsa yana dariya, ya durƙusa ya gaishe ta.

Ya fito da adaftan daga aljihu. Wani ɗan baƙin abu ne, ba ya ko cika ido. Ya cusa shi a bakin na'ura, ya karɓi kaset daga hannun Delu da hannu biyu, ya ɗora a kai, hoton jikinsa yana kallonsu. Abin ya tsaya tsololo, babba a kan ƙarami. Ya kunna.

Fuskar talabijin ta yi toka, shi ke nan. Ba suna, ba kiɗa, ba ɗan mutum.

Ya kashe, ya cire, ya hura bakin kaset fuu, fuu, yadda ya ga ana yi a kasuwa, ya mayar. Toka. Ya goge haƙoran kaset da auduga, ya mayar. Toka dai. Delu tana tsaye ta jingina da bango, bakin mayafinta a cikin haƙora. Ta fara zaton abin da take tsoro ya riga ya faru.

"Bari mu ga cikinsa," Dogara ya ce.

Ya shimfiɗa hankici, ya kwance kusoshin baya ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe. Ga ɗan koren allo, ga batir a manne a gefe, zagaye kamar sulalla. Dogara ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. Shekara ashirin da biyar yana gyara, kuma ɗabi'arsa ce: duk abin da aka kawo masa, agogo ne ko rediyo, in ya ga tsohon batir sai ya canza shi kafin ya duba komai, sau da yawa ma kyauta. Mutane suna yabonsa a kan haka.

"Ga mai laifin nan. Shekara nawa yana ciki? Ina da sabo a jaka, yanzun nan zan ɓamɓare shi."

Har ya sa bakin ƙarfe a ƙarƙashin batirin.

"Malam Dogara, tsaya!"

Yadda ta faɗa sai da Iya ta zabura. Delu da ba a jin muryarta daga tsakar gida zuwa zaure! Ta matso har gaban hankicin, abin da ba ta taɓa yi ba gaban baƙo.

"Don girman Allah kada ka taɓa shi. Malam ya ce ran da aka cire shi, ya manta da kowa. Sunansa yana ciki. Ni ba wasan nake nema ba."

Dogara ya janye hannu a hankali, kamar wanda ya ga kunama. Ya dubi batirin, ya dubi ƙarfen da ke hannunsa, zufa ta karyo masa. Shi rediyo ya sani, rediyo kuwa ba ta riƙe komai a ciki, in an sa mata sabon batir sai dai ta ƙara murya.

"Kai, kai, kai," ya ce. "Da na yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ki yafe ni, Delu. Wallahi da alheri na nufa."

"Na sani."

Ya rufe kaset ɗin, ya mayar da kusoshi. Daga waje ana jin mai tallar gyaɗa tana wucewa, da awakin maƙwabta. Dogara ya juya adaftan a hannu yana dubawa, ba rubutu a jiki, ba takarda, wanda ya sayar ma bai yi wani bayani ba. Ya ce watakila abin ne bai da kyau, sai dai a sake aikawa Kano. Wata biyu kuma ke nan, ko fiye. Delu kuwa ba ta san ko batirin yana da sauran wata biyu ba.

Iya Mero ce ta yi tsaki daga kan kujerarta.

"Ku dai ba ku san mai kayan ba. Yaron nan tun yana rarrafe komai a juye yake yinsa. Riga a juye, takalmi a juye, allo ma sai da malaminsu ya gaji ya ƙyale shi. Kayansa ne za su shiga ta gaba kamar na mutane? Juya shi, ɗan Wusasa."

Dogara ya yi dariya don girmamawa, irin wadda ake yi wa maganar tsofaffi. Sai kuma dariyar ta tsaya. Ya kai adaftan bakin ƙofa wajen haske, ya ƙura ido cikin ramin, ya dubi haƙoran kaset, ya sake duban ramin. Ya dawo ya ɗora kaset ɗin a juye, hotonsa yana kallon bango. Duk da shi Kirista ne, ya ce bismillah irin ta wanda ya tashi cikin Zazzagawa, ya kunna.

Kiɗa ya tashi. Siririn kiɗan nan mai kama da sarewar kara, wanda shekara uku ba a ji shi a gidan ba. Delu ta dafa bango. Fuskar talabijin ta yi baƙi, sannan farin rubutu ya fito a sama, haruffa bakwai, a gefensu ɗan mutumin yana tsaye da takobinsa.

Yana nan. Batirin ya riƙe.

Dogara ya dubi rubutun sau ɗaya, ya share fuska da hannun riga, ya ce bari ya duba babur ɗinsa kada rana ta yi masa yawa. Rana kuwa tana can bayan katanga, babur yana inuwa. Ya fita ya ja ƙyauren zaure.

Delu ta durƙusa a tabarma. Ta ɗauki abin dannawa, ba ta ma lura ba ta juya shi kai ƙasa, don ba ta taɓa ganin an riƙe shi ta wata hanya ba. Ba ta danna komai ba. Kallo kawai take yi, hawaye suna sauka a kan mayafinta, ba ta share ba. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mata wuri ɗaya, ta rasa wanne ya fi.

Iya ta jawo kujerarta gurɗ, gurɗ, har gaban talabijin. Ta kai fuska kusa, ta ƙanƙance ido. Iya tana karanta Alƙur'ani ba gargada, amma boko ko harafi ɗaya ba ta sani ba.

"Wannan farin, shi ne?"

"Shi ne, Iya."

"Shi ya rubuta da kansa?"

"Da kansa. Ina zaune a nan gefensa."

"Bahago ya sa, ko?"

"A'a. Na yanka ya sa."

Tsohuwar ta ƙara matsowa. Ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin, ta bi haruffan daga dama zuwa hagu yadda ta saba bin rubutu. Ita ta raɗa wa mijinta sunan da take so a sa wa jaririn, shekara hamsin da biyu da suka wuce, kuma daga ranar suna kunya ta rufe mata baki.

"Karanta mini," ta ce.

Delu ta waiga. Zauren ba kowa, daga ita sai Iya sai kiɗan. Shekara goma sha tara na aure da uku na rashi, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a ɗaki ita kaɗai. Ta dubi farin rubutun, ta karanta.

"Mika'ilu."

Iya Mero ta lumshe ido, yatsanta yana kan gilashin.

"Ban ji sosai ba, 'yar nan," ta ce. "Sake faɗa."