Rakiyar Eladio zuwa Teixido

Eladio ya mutu bai taɓa taka cocin San Andrés na Teixido ba, alhali cocin yana nan bayan tsaunin garinsu. Kullum sai ya ce sai baɗi. To, kowa a yankin ya sani, wanda bai ziyarci cocin da ransa ba, zai je bayan ransa, a jikin ƙadangare ko kwaɗo, sai fa in wani nasa ya raka shi. Matarsa Ermitas kuwa ta rantse mijinta ba zai yi jan ciki ba.

Da sassafe ta je maƙabarta, ta buga ƙafa a gefen kabarin. "Tashi, malalaci, mu tafi."

Ƙaninta Xulio, da ke riƙe da burodi da cuku da lauje, ya ce, "Yaya, mota na zuwa har ƙofar coci. A kama masa kujera mana, kamar yadda kowa ke yi."

"Mutumin da ko kasuwa za shi sai ya yi amai a mota? Tsohuwar hanya za mu bi."

"Wace hanya? Ai daji ya cinye ta tun muna yara."

"Tana bakina," in ji ta.

Waƙar kakarsu take nufi, wadda ake rerawa da bandiri ranar biki. Xulio ya ɗauka waƙar rawa ce kawai. Ashe kowane baiti zango ne. Ta rera na maɓuɓɓuga, sai ga maɓuɓɓuga. Ta rera na gidan niƙa, sai ga kangonsa a bakin rafi. A kowace kwana takan waiwaya ta ce, "Eladio, ta nan," don mamaci ba ya bin hanya sai an kira shi.

Bayan rafin waƙar ta ce a hau hagu har tulin duwatsun maziyarta. Xulio ya ce ƙaya kaɗai yake gani. Ta karɓi laujensa ta shiga sara tana waƙa. Can sama kuwa sai ga tulin, ciyawa ta lulluɓe shi.

"Ka gani, mai gardama?"

Ta ɗauki dutse za ta jefa kan tulin kamar yadda maziyarta ke yi, sai ta tsaya cak. Daɗin waƙa ya ɗauke ta, ba ta kira shi a mashigin rafi ba. Kunya da tausayi suka kama ta. Ta juya za ta koma rafin.

"Haba Yaya, gwiwoyinki! Ƙwala masa kira daga nan," in ji Xulio.

"Kurman? Yana can tsaye kamar jaki a bakin kasuwa."

Ta gangara da baya da baya har bakin ruwa, ta miƙa hannu. "Yi haƙuri, tsoho. Taka nan, dutsen can yana da santsi."

Da la'asar suka isa. Ta tura ƙofar cocin, ta matsa gefe, ta riƙe ta a buɗe har ta tabbata ya wuce.

"Ka iso da ƙafafunka," ta ce. "Yanzu kada ka biyo ni gida."