Sunan Da Babu A Faifan Dallatu

Tun da faifan Dallatu ya fita, mutumin nan bai ƙara zama wuri ɗaya ya sha fura ta kwanta masa ba. In ya zauna a dakalin ƙofar gida sai ya miƙe ya nufi gona, in ya isa gona sai ya ce bai duba awaki ba, alhali awakin lafiyarsu ƙalau. Matarsa Safiyatu ta tambaya har ta gaji, ta koma bin sa da ido kawai.

Wanda bai sani ba sai ya ce faifan ne bai karɓu ba. Ina! Ya karɓu har ya wuce tsammani. Dallatu makaɗin gangar noma ne a wani ƙauye da ke bayan Gezawa, tun yana saurayi yake yi wa manoma kiɗa a wurin gayya. Wani mai situdiyo a Kano, Jamil, shi ya ji shi a bikin kalankuwa ya nace sai sun naɗi waƙoƙin. Suka naɗa, aka ɗora ɗan fiyano a ƙarƙashin gangar, aka sa wa faifan suna Bakin Garma. Kafin damina ta kankama, masu Adaidaita Sahu sun ɗauka, masu tura waƙa a waya sun ɗauka, mai shayi ma in bai kunna ba sai a tambaye shi. A rediyo wani mai sharhi ya ce rabon da ya ji muryar karkara tsantsa irin wannan har ya manta. Wani kuma ya bugo waya ya ce fiyanon ya ɓata gangar, an yi wa tuwon dawa miyar kanti. Dallatu ya ji duka biyun, ko a jikinsa.

Abin da ya hana shi sakat suna ɗaya ne. A babbar waƙar faifan ya kira manoman garinsu kaf, kowa da kirarinsa, har da Sha'aban da duk gari aka san ya fi ƙwarewa a gindin tukunyar kunu. Amma babu Hashimu. Hashimu kuwa shi ne gwarzon gayyar, kuma amininsa tun suna kiwon tumaki.

Ba da gangan ba ne, yadda Dallatu yake aiki ne ya ja masa. Shi ba ya haddace sunaye. A gona da baya da baya yake tafiya, yana fuskantar sahun manoma, wanda idonsa ya faɗa kansa shi zai wasa. Hashimu kuma ba ya zama a sahu. Ana fara huɗa yake fizgewa ya wuce kowa, ya wuce makaɗin ma, sai dai Dallatu ya ji ihu daga bayansa: mai ganga, ka manta da ni ne? A nan zai juya ya zuba masa kirarin da ya fi na kowa, fili ya ɗauki sowa. Haka suke yi shekara da shekaru. To a situdiyo an sa shi a wani ɗan ɗaki mai soso a bango, an toshe masa kunnuwa, ya rufe ido ya hango sahun ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ƙarshe babu wanda ya yi masa ihu daga baya, sai Jamil da ya ɗaga masa babban yatsa ta cikin gilashi. Ya sauke ganga yana jin daɗi.

Bai farga ba sai ranar da aka kunna waƙar a majalisar gindin ɗorawa. Kowa ya ji sunansa sai ya washe baki, a dafa masa kafaɗa. Waƙa ta ƙare, Hashimu ya ce ma sha Allah, murya ta fita. Ya karkaɗe rigarsa ya ce zai je ya ba shanu ruwa.

Da a gona ne da abin bai kai ya kawo ba, wanda ka tsallake a wannan kunyar ka biya shi a ta gaba. Faifai kuwa ba ya gyara bakinsa. Duk inda aka kunna shi sai ya sake manta Hashimu, a kasuwa, a tasha, a gidan suna. Dallatu ya tsani jin muryar kansa. Abin da ya fi ci masa rai, Hashimu bai canza masa fuska ba. Yana gaishe shi, yana tambayar iyali, komai cif-cif kamar gaisuwar suruki. Tsokanar nan da suka saba ce ta ɗauke ɗif.

Safiyatu ce ta kawo masa labarin da ya ƙarasa dagula shi. Ta ji a gidan Hashimun cewa 'yarsa Tahira, wadda take aure a Legas, ta kira waya da murna, ta ce ta tara maƙwabta ta kunna musu waƙar garinsu don su ji sunan babanta. Suka saurara har ƙarshe.

Washegari Dallatu ya hau motar Kano. Jamil ya karɓe shi hannu bibbiyu, kuma bai yi masa gardama ba. Ya ce ƙara baiti ba wuya, yanzu ma sai a yi. Sai dai ya faɗa masa gaskiya, tsohuwar waƙar ta riga ta shiga wayoyin mutane, daga wannan zuwa wancan, ba mai iya kiranta ta dawo. Duk da haka aka naɗa. Dallatu ya kai sabuwar wurin masu tura waƙa a kasuwar Gezawa da ƙafarsa, suka karɓa don ganin girmansa, amma duk wanda aka ce a tura masa sai ya ce ai yana da ita.

Safiyatu ta ce masa, "Malam, ka je ka sami Hashimu mana. Tsakaninku da shi har sai an bi ta Kano?"

Ya tafi. Ya kai ƙofar gidan ya ga keken Hashimu a jingine, sai ƙafarsa ta zarce da shi shagon mai taki, ya tsaya yana tambayar abin da ba saya zai yi ba. Kunya yake ji, ya kuma san kunya ce. Me zai ce? Na manta da kai? Ai gara ma a ce da gangan ya yi.

Sai ya ɗora ransa kan gayyar da Malam Sama'ilu, wani manomin garin, ya kira a gonarsa. Gayya ta yi ƙaranci yanzu, maganin feshi da tarakta sun cinye rabinta, wataƙila ma ita ce kaɗai ta bana. Ya ɗaure gangarsa da sabuwar tsirkiya. Ya shirya wa Hashimu kirarin da bai taɓa yi wa kowa ba, yana bitarsa a hanya, yana bitarsa a bakin rijiya, har Safiyatu ta haddace. Jira kawai yake a yi masa ihun nan daga baya ya juya.

Ranar gayya gari ya waye da laima, ƙasa ta yi taushi. Maza suka jeru, aka yi bismilla, ganga ta tashi. Dallatu na ja da baya, garemani na faɗawa ƙasa tare. Ya wasa na farko, ya wasa na biyu, kunnensa duk yana bayansa. Aka kai ƙarshen kunya aka juyo, shiru. Sai da ya sake bin sahun da ido sannan ya gan shi. Ga Hashimu nan a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa da Sha'aban, kansa a ƙasa, yana sara daidai da kowa. Mutumin da ba a taɓa ganin fuskarsa a gayya ba sai ƙeyarsa.

Dallatu ya zuba kirarin a haka. Ya fita da kyau, mutane suka yi sowa, Hashimu ya ɗaga garma sama kaɗan alamar godiya, ya ci gaba da tafiya a sahu. Dallatu ya ƙara wa kiɗan wuta ko zai fizge. Wasu samari biyu suka fizge, shi bai ko ɗago ba.

Da aka zauna shan fura a gindin gawo, Dallatu ya matsa kusa da shi ya rage murya.

"Hashimu, ƙugun ne yake damun ka? Yau ban ji ka a bayana ba."

Hashimu ya kurɓi fura, ya goge baki da bayan hannu.

"Lafiyata ƙalau, Dallatu. Na tsaya inda za ka gan ni ne."

Ya miƙa masa ludayin, ya tashi ya ɗauki garmarsa. Da aka sake jeruwa ya koma gurbinsa kusa da Sha'aban. Malam Sama'ilu ya ɗaga murya ya ce mai ganga a taso, rana tana yi. Dallatu ya rataya gangar ya shiga gaban sahu ya fara ja da baya, bayansa babu kowa sai gonar da ba a huɗe ba.