Abin da Ke Cikin Hanjin Gwaggo

Shekara biyu ina raka gwaggona asibiti. Sankarar hanji ce, kuma kafin a gano ta har ta kai hanta. Maganin farko bai tsinana mata komai ba sai zubar gashi. Na biyun, wanda ake sa mata ta ƙarin ruwa duk sati uku, shi ne ya karɓe ta.

Ranar sakamakon hoton ciki, likitar ta juyo mana da fuskar kwamfuta. A tsohon hoton tabo uku ne a hanta. A sabon, biyu sun ɓace, na ukun bai fi ƙwayar wake ba. Gwaggo ta damƙe hannuna har zobena ya nutse cikin yatsa, tana ta hamdala.

Sai likitar ta gyara zama ta ce tana da roƙo. Cikin mutum goma sha ɗaya da ke kan wannan magani, uku kawai ya yi wa aiki haka. Suna zaton ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji suna da hannu a ciki, suna so su duba na Gwaggo, ko za su amfani sauran. Ta ce bincike ne, ba ta yi alkawarin komai ba.

"Tsaya, 'yata," in ji Gwaggo. "Bayan gidana kike roƙo?"

"Shi fa, Mama."

Gwaggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Tun a mota ta kira babana, ƙanenta, ta ba shi labari. Ya ce nasa ma na nan idan ana buƙata. Ta ce ya riƙe abinsa, ba mai nema.

Da ta kashe wayar ta juyo gare ni. "Shekara biyu sai dai a ɗaga ni a kwantar. Yau ni aka roƙa."

An ba ta roba mai jan murfi da jakar ƙanƙara, aka ce a kai cikin awa biyu. Ta sa aka karkaɗe kekenta na ɗinki da ta daɗe ba ta taɓa ba, ta ɗinka wa jakar riga mai zif. Duk ranar kaiwa sai ta ci ado, kuma ba ta yarda in riƙe mata.

Bayan wata huɗu likitar ta ce sun ga wata irin bakteriya da yawa a hanjinta da na sauran biyun, amma sai sun ƙara mutane kafin su tabbatar. Gwaggo ta ce sai ta gan su da idonta. Mai aikin ɗakin gwaji ya nuna mata a allo. Ta daɗe tana kallo, ta ce kamar guntayen zare. Sannan ta tambayi abin da suke ci, ta zungure ni in ciro biro in rubuta.