Fasinjan Mai-sito

Ranar da ma'aikata ta kafa doka cewa duk motar da ta zo da mutum ɗaya ba za a buɗe mata ƙofa ba, Mai-sito ya shiga tunani. Manaja ya ce cunkoso ya yi yawa, hayaƙi kuma ya mai da tari gaisuwar safe. Mai-sito bai musa ba, shi ma yana tarin.

Matsalar ita ce duk duniya ba shi da ɗaki sai motar nan. A gida 'ya'ya shida ne, ga suruka mai ba mutanen cikin talabijin shawara da ƙarfi. A sito janareta na jingine da bango yana ruri. Tsakanin gida da aiki kaɗai yake jin numfashin kansa.

Ya gwada ɗaukar Akawu, kafin shataletale ya san ciwon kowa a danginsa. Ya gwada Masinja, ashe mai taya tuƙi da baki ne.

Sai ya tuna Dogo mai gyaran wuta, wanda suke gaba tun da ya kwance fankar sito ya kai ofishin Manaja. Layinsu ɗaya. Da safe ya tsaya gabansa ya tura ƙofa. Dogo ya dubi bas ɗin da ta cika maƙil, ya shiga, ya mai da fuska taga. Har suka isa ba wanda ya ce uffan. Mai-sito bai taɓa samun fasinja irin wannan ba.

Matarsa ce ta tayar da zaune tsaye.

"Baban yara, mutum kullum a motarka, ko gaisuwa babu? Ka ji tsoron Allah ka nemi sulhu."

Ta hana shi sakat, har wata safiya a danja ya gyara murya kamar mai shirin sayar da gidan gado.

"Maganar fankar nan..."

"Malam, dakata," in ji Dogo, bai juyo ba. "Uwargida ce ta turo ka?"

"Ita ce."

"Ni ma tawa ta turo ni. Tagwaye gare ni, maƙwabcina kuma injin niƙa gare shi. In muka shirya, hira za mu dinga yi."

Mai-sito ya auna maganar, ya ga ba ta da tsakuwa.

"To me za mu gaya musu?"

"Ka ce na ƙi. Ni ma in ce ka ƙi."

"Alhakin gabar fa?"

Dogo ya ɗan yi nazari.

"Sallama ɗaya da safe. Ban da tambayar iyali."

Danja ta ba da hannu, suka wuce.