Babin da Rauda Ta Tsallake

Rauda na tsakiyar karatu idonta ya riga bakinta isa ƙasan shafin. Ta hango abin da ke tafe, sai muryarta ta tsaya cak.

"Me ya faru? Cajin wayar ne ya ƙare?" in ji Malama Saratu daga kan gado.

"A'a, Mama, yawu ne ya sarƙe ni."

"To, haɗiye ki ci gaba. Kin bar mini yarinya da allura a hannu."

Shekara huɗu ke nan Rauda mai kitso na wannan aikin. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Tudun Wada, kuma tun da ciwon suga ya cinye idon tsohuwar, kullum bayan azahar sai Rauda ta wanke man kitso daga hannunta, ta zagayo, ta zauna a kujerar roba ta karanta mata littafi a waya. Na soyayya, na aljanu da matsafa, na 'yan makaranta masu rawar kai, duk Malama ba ta zaɓe. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyar da Hausa a sakandaren 'yan mata, kuma ko da ta yi ritaya jan biron bai bar ta ba, bakinta kawai ya koma. Duk Juma'a takan yi magana a wayar Rauda, a tura zauren masu karatu na WhatsApp, inda mata ɗari huɗu da 'yan kai ke jiran hukuncinta. Yawancinsu ba sa buɗe sabon littafi sai sun ji ta bakinta. Tauraro uku a wurinta yabo ne, huɗu sau biyu ta taɓa bayarwa, biyar kuwa ba wadda ta taɓa jin ƙamshinsa. Littafin da ta ba ɗaya, ko mai shi ba ta ƙara ambatonsa.

Na wannan makon sunansa Mai Ɗinkin Inuwa. Shi ne littafin farko na Bahijja, wata 'yar Tudun Jukun mai aiki a shagon magani, wadda ke zuwa kitso wurin Rauda. Shekara uku ta yi tana rubuta shi, kuma Rauda ce da kanta ta matsa mata ta kawo. Labarin wani gari ne inda inuwar mutum ke yagewa in ajalinsa ya matso, da wata budurwa mai allurar da ke ɗinke ta. A babi na ashirin da huɗu inuwar mahaifiyar budurwar ce ta yage, kuma Rauda ta riga ta ga layin da allurar ta karye.

Matsalar ita ce, mako uku da suka wuce, ranar da aka dawo da Malama daga asibitin Shika, 'yarta Victoria ta tare Rauda a zaure. Victoria nas ce, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce ciwon daji ne, ya ci hanta, saura makonni. "Mun ce mata olsa ce. Don Allah, Rauda, ko kalmar mutuwa kada ta ji a ɗakin nan." Rauda ta yi alkawari da hawaye.

Saboda haka ta kifa wayar a cinya, ta zuba wa bango ido, ta shiga ƙirƙira. Ta ce budurwar ta ɗinke inuwar tsaf, uwar ta miƙe ta nemi tuwo, saurayinta ya turo iyayensa, aka sha biki kwana bakwai. Cikin minti biyu ta aurar da kowa.

"Shi ke nan?" in ji Malama.

"Shi ke nan, Mama."

Tsohuwar ta ja tsaki mai tsawo. "Kunna abin ɗaukar maganar. Ba sai Juma'a ba, tun raina na ɓace." Rauda ta kara mata wayar a baki.

"Jama'ar zaure, Saratu ce. Yarinyar nan ta iya Hausa, ta iya gina gari. Ta ɗauke ni babi ashirin da uku ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Da aka zo inda ake gane marubuci, sai ta zubar da kaya ta ruga. Matsoraciya ce. Wanda ya yi mini ƙarya a ƙarshe ya ɓata gaskiyar da ya faɗa a farko. Tauraro ɗaya." Ta juya fuskarta bango. "Jibi ki tura."

Garin neman gira an rasa ido. Rauda ta koma gida. Washegari, Alhamis, ta yi wa wata amarya shuku ya karkace, sai da ta tsefe ta sake. Ta yi tunanin goge maganar, amma duk yammacin Juma'a Malama na sa ta karanto mata martanin 'yan zaure ɗaya bayan ɗaya, ke nan sai ta ƙirƙiro martanin mata ɗari huɗu shi ma. In kuma ta tura, ba wadda za ta gano kuskuren, domin Malama ba ta taɓa fallasa ƙarshen labari, su kuma ba za su buɗe littafin ba balle su gani. Tana cikin haka saƙon Bahijja ya shigo: "Anti Rauda, Mama ta gama? Wallahi ko abinci ba na iya ci." Rauda ta ji kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

Da la'asar ta sami Victoria a kicin tana tace kunun gyaɗa, ta zayyane mata komai. Victoria ba ta ko ɗago ba.

"Littafi ne fa, Rauda. Tatsuniya. Yarinyar ta rubuta wani. Ni uwa ɗaya gare ni."

"Sista, ba za ta rubuta wani ba. Ni na san ta. Kuma ni na ja mata."

"To, ki ce mata ta yi haƙuri."

"Ke da kullum kike zaunar da mutane a asibiti kina gaya musu gaskiya?"

Victoria ta ajiye rariyar da ƙarfi. "Waɗancan ba su suka haife ni ba." Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma Rauda ba ta ga laifinta ba. Sai dai ta fita da tabbacin cewa gobe dole ɗaya daga cikin amanoni biyun nan ta karye a hannunta.

Ranar Juma'a aka tashi da yayyafi. Rauda ta sallami masu kitso tun kafin azahar, ta shiga ɗakin. Victoria na zaune a bakin gado tana shafa wa uwarta man zafi a ƙafa. Kwana biyu kacal, amma Malama ta ƙara zabgewa, idonta ya yi rawaya.

"Kin tura?"

Rauda ba ta zauna a kujera ba, ta durƙusa a gaban gadon. "Mama, ban tura ba. Ƙarshen da na karanta miki ba na Bahijja ba ne. Ni na ƙirƙira. Na tsallake babi biyu."

"Rauda!" in ji Victoria.

Malama ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, kamar a aji.

"Shi ya sa," ta ce a hankali. "Na yi ta mamakin yadda mai wannan hannun za ta ce uwar ta miƙe ta nemi tuwo. Ashe aikin mai kitso ne." Sannan muryarta ta yi kauri. "Da bakina kika so a yanka 'yar mutane? Kin so in tafi gaban Ubangiji da haƙƙin yarinya a wuyana? Me ke cikin babin da ba zan iya ji ba?"

Rauda ta kalli Victoria, Victoria ta kalli ƙasa.

"Uwar ce ta mutu, ko?" Malama ta yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. "Ku ji mini yara. Olsa! Olsa ce ke sa fasto ya zo sau uku a mako? Olsa ce ta taso da ɗana daga Legas ba Kirsimeti ba? Victoria, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Ina jin ki kina kuka a banɗaki kin saki famfo. Na yi shiru ne don na ga ƙaryar na taimakonku. Amma tun da ta fara cin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, ta isa haka."

Victoria ta toshe baki da bayan hannu.

"Zauna daidai, 'yata, ba inda za ki. Ke kuma tashi ki karanta. In kika tsallake ko waƙafi zan sani."

Rauda ta hau kujera ta buɗe babi na ashirin da huɗu. Ta karanta yadda budurwar ta yi ta ɗinki har yatsunta suka yi jini, tana kama nan can na ɓallewa, har allurar ta karye gida biyu. Ta karanta yadda ta rarrafa tana neman guntun a cikin ƙasa. Da ta zo maganar uwar sai da ta tsaya ta ja numfashi.

"Uwar ta ce, bar neman allurar nan. Inuwata ba ta yage don ta gaji da ke ba, yamma ce ta yi. Tun safe kina bayana kina ɗinki, ban ga fuskarki ba. Zagayo ki zauna a cikin abin da ya rage, ai har yanzu ta isa mutum biyu."

Nan Victoria ta saki kukan da ta yi mako uku tana ɓoyewa. Ta hau gadon da rigar aikinta, ta sa kai a ƙirjin uwarta, mace mai shekara arba'in da shida. Malama na shafa mata kai, da ɗaya hannun kuma tana yi wa Rauda alamar ta ci gaba. Rauda ta karanta jana'izar, ta karanta babin ƙarshe, inda budurwar ta koyi tafiya a rana ba tare da duba ƙasan kowa ba. Ba a yi biki ba, saurayin dai ya raka ta rijiya ya riƙe mata guga.

"Goge wancan," in ji Malama. "Kunna sabo."

Muryarta ta fito tar, kamar ba ita ce ke kwance ba.

"Jama'ar zaure, Saratu ce. Shekara huɗu kuna cewa ni marowaciya ce. To, ga shi: Mai Ɗinkin Inuwa, tauraro biyar. Saurayin ya cika surutu, babi na bakwai ya yi tsawo, amma biyar ɗin dai na nan. Yarinyar nan ta faɗi abin da mu manya uku muka kasa faɗa a ɗaki ɗaya. Wannan ne hukuncina na ƙarshe, domin tafiya ta zo mini, kuma na shirya. Wadda duk ta cika mini zaure da hoton fuska mai hawaye ban yafe ba. Ku je ku yi karatu."

Rauda ta danna ta tura. Wani daɗi ya cika mata ciki, irin wanda ba ta taɓa zaton ana ji a ɗakin mai jinya ba. Kafin la'asar wayar ta yi zafi don shigowar saƙo, ta yi ta karanto mata, Malama na gyara wa mutane Hausa daga kwance.

Kwana tara ta ƙara, kuma ba a sake raɗa a gidan ba. Da bakinta ta zaɓi waƙoƙin da za a rera mata a coci, ta raba zannuwanta, ta yi wa ɗanta faɗan da ta daɗe tana tara masa. Bahijja ta zo ta durƙusa a gabanta, Malama ta laluba ta kama hannunta ta tambaye ta ina littafi na biyu ya kwana. Ranar Lahadi da hantsi ta cika, Victoria na riƙe da ita. Aka kai ta Wusasa kusa da mijinta.

A zaman makoki gidan ya kasa ɗaukar mutane, sai da Rauda ta buɗe nata tsakar gidan aka shimfiɗa tabarmi. Matan coci da ɗankwalayensu iri ɗaya, matan zaure da hijabai, wasu daga Kano, wasu daga Funtuwa, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar marigayiyar ba, muryarta kawai suka sani. Su kansu ba su san juna ba sai a suna.

Rauda na raba ruwa ta hango Bahijja a ƙarshen tabarma, ta takure tsakanin wasu mata biyu daga Kwangila da suka yi gaisuwa suka gama, suka koma musu ƙasa-ƙasa ta saman kanta.

"Ni fa har yanzu ban yafe mata karya allurar nan ba."

"Haba, Hajiya, in ba ta karye ba ina labarin yake?"

"Duk da haka. Kwana biyu ina kuka, maigida har ya ɗauka wani abu aka yi mini." Matar ta juyo ta taɓa gwiwar Bahijja. "Ke 'yammata, kin karanta kuwa?"

"Na karanta," in ji Bahijja.

"To, ki sake. Karatu ɗaya ba ya isar sa."

Bahijja ta ce to. Ta ja bakin hijabinta ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai, su kuwa suka ci gaba da musunsu. Ruwan da Rauda ta miƙa mata na hannunta, ba ta sha ba.